Kuɗin haya: darasin da dokar Senegal ta bari

A manyan biranen Afirka ta Yamma, babu abin da ke cin albashin ƙaramin ma'aikaci kamar kuɗin haya. Wata bai gama ƙarewa ba mai gida na bakin ƙofa, kuma sau da yawa sai an sallame shi kafin a yi maganar hatsi da cefane. Hanyoyi biyu ne gomnatoci suka saba bi domin sauƙaƙa wa ƴan haya. Ta farko ita ce hukuma ta yanke iyakar abin da mai gida zai karɓa. Ta biyu ita ce a bar farashi yadda yake, amma baitulmali ya ɗauke wa ɗan haya wani kashi. Ƙasar Senegal ta bi hanya ta farko har sau biyu cikin shekara 10, kuma da yake kuɗinta da na Nijar ɗaya ne, wato sefa, lissafinta ba zai yi wa mai karatu wuyar ganewa ba.

Jihar Dakar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar Senegal ba, amma fiye da mutum ɗaya cikin biyar na ƴan ƙasar a can yake zaune. A can ne ma'aikatun gomnati da tashar jiragen ruwa da manyan kamfanoni suke, teku kuma ya kewaye birnin ta ɓangare uku. Masu neman ɗaki suna ƙaruwa kullum, filin gini kuwa ba ya ƙaruwa.

A watan Janairu na 2014, zamanin shugaba Macky Sall, aka fitar da dokar rage kuɗin haya. Wanda hayarsa ba ta kai jikka 150 a wata ba, an rage masa kashi 29 cikin 100. Daga jikka 150 zuwa jikka 500, an rage kashi 14. Abin da ya haura haka, kashi 4. Ke nan magidancin da ke biyan jikka 100 ya koma biyan jikka 71, jikka 29 ta rage a hannunsa ta abinci da magani. Ƴan haya sun yi murna ƙwarai, kuma da yawa daga cikinsu sun ga sauƙin a watannin farko.

Amma sauƙin bai daɗe ba. Dokar ta rage farashin da ake biya a ranar da ta fito, ba ta iya tsare farashin da za a yanka wa sabon ɗan haya ba. Dokokin ƙasar kuma sun ba mai gida damar karɓar gidansa in zai zauna ciki da kansa, bayan ya ba da wa'adin wata shida. Sai wasu masu gidaje suka riƙa fakewa da wannan dama: a fitar da tsohon ɗan haya, a shafa fenti, a sa sabo bisa farashin da ya fi na da. Wanda aka zalunta yana da ikon kai ƙara, amma shari'a na cin kuɗi da lokaci, kuma mutumin da ya san akwai goma a bayansa masu jiran ɗakin ba ya son faɗa da mai gida. Bayan ƴan shekaru farashi ya koma inda yake, har ya wuce.

Shi ya sa aka sake komawa kan maganar. Daga ranar 1 ga Maris 2023 wata sabuwar doka ta fara aiki: ragin kashi 15 cikin 100 ga hayar da ba ta wuce jikka 300 ba, kashi 10 daga nan zuwa jikka 500, kashi 5 ga abin da ya fi haka. A wannan karo an yi ƙoƙarin toshe ƙofofin da aka bari a buɗe. An taƙaita kuɗin ajiya da la'adar dillali, sa'an nan aka kafa wata hukuma ta musamman, CONAREL, domin sauraren ƙorafi da sasanta masu gida da ƴan haya. Sake fitar da doka bayan shekara 9 kawai ya isa shaida cewa ta farko ba ta riƙe ba.

Wajibi ne kuma a saurari ɓangaren masu gidaje. Ba dukansu ne attajirai ba. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba duk abin da ya tara cikin ɗakuna huɗu, akwai matar da mijinta ya rasu wadda da hayar nan take ciyar da marayu, akwai mai biyan bashin banki. In aka rage musu haya alhali siminti da ƙarfe na ƙara tsada, za su daina gyara, mai niyyar gini kuma ya kai kuɗinsa wata sana'a. Daga ƙarshe ɗakuna su ƙara ƙaranci, ɗan hayar da aka so a taimaka shi ne zai sha wuya. A Burkina Faso, shugaba Thomas Sankara ya yafe wa jama'a biyan hayar gidajen zama na shekarar 1985 baki ɗaya, amma abin na shekara guda ne, bayanta aka koma biya.

To, ina hanya ta biyu? Faransa ce ta fi shahara da ita. Tun 1948 take ba iyalai taimakon haya, a 1977 kuma ta ƙirƙiro wanda ake kira APL, wanda ake lissafawa bisa samun mutum da yawan iyalinsa da tsadar gidan. Kusan gidaje miliyan 6 ke amfana da irin wannan taimako, kuma yana cin kimanin Euro miliyan dubu 15 a shekara. In aka juya shi zuwa sefa, ya haura kasafin kuɗin Senegal gaba ɗaya, ya kuma ninka na Nijar kamar sau uku. Bayan tsada, akwai wata illa da masana tattalin arziki na Faransa suka nuna: inda gidaje suka yi ƙaranci, mai gida da ya san ana taimakon ɗan haya yakan ƙara farashi, sai babban kashi na taimakon ya ƙare a aljihunsa. Haka kuma tsarin na bukatar hukuma ta san samun kowa, abin da ke da wuya a inda mafi yawan jama'a ke neman abinci a kasuwa da sana'ar hannu.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, hanyoyin biyu suna rage zafin ciwo, amma tushen ciwon ƙarancin ɗakuna ne. Hukumomin Senegal sun san da haka, domin a 2019 sun ƙaddamar da shirin gina gidaje 100.000 masu sauƙin kuɗi cikin shekara 5, sai dai abin da aka gina bai kusanci wannan adadi ba.

Biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su da matsin teku irin na Dakar, amma su ma suna cika da baƙi daga karkara kowace shekara. Darasin Senegal ya nuna cewa dokar haya ba ta tsayawa sai da abubuwa uku: yarjejeniya a rubuce wadda hukuma ta san da ita, domin a san farashin jiya in an zo yanka na gobe, wurin kai ƙara na kusa, marar tsada, mai yanke magana da sauri, da filaye waɗanda aka kai wa ruwa da wuta da hanya, tare da bashi mai sauƙi ga masu son gini. Shi kuma ɗan haya, musamman wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu, kada ya shiga gida sai da takarda, kada ya biya sai an ba shi shaidar biya, domin ranar gardama takardar nan ce za ta tsaya masa gaban hukuma.