Bambeye: wanda ya sayi gona a ɓoye, rigima ya saya

Duk wanda ya san Adar ya san arzikinta biyu ne, ƙasa da ƙafa. Ƙasa ita ce gonar gero da wake, da ɗan kwarin da ake dasa albasa. Ƙafa kuwa ita ce tafiya bida, wadda ke kwashe samari da magidanta bayan kaka ta kai su Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya. A ƙaramar hukumar Bambeye, kudu maso yammacin birnin Tawa, inda ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da dubu 100, waɗannan arziki biyu sun haɗu a kasuwa, kuɗin bida yana sayen ƙasa. Haka kuma kuɗin ɗan kasuwar birni da albashin ma'aikaci. Ciniki halal ne, babu mai jayayya. Abin tambaya shi ne yadda ake ƙulla shi, domin gonar da aka sayar da dare ba tare da shaidu ba, da rana ake zubar da jini a kanta.

A da, gona ba ta da farashi a ƙauye. Ana samun ta ta hanyar gado, ko aro, ko kyauta, in wuya ta yi wuya a ba da ita jingina. Maigari da liman da dattawa su ne littafin ajiya, iyaka kuwa gindin gawo ne, ko jerin gamba, ko tarin duwatsu. Wannan tsari ya fara girgiza tun ranar 18 ga Disamba 1974, sa'ad da shugaba Seyni Kunce ya shelanta cewa gona tana hannun wanda ke noma ta, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ita ce a kare talaka, amma masu gonaki suka ɗauki darasi dabam: wanda ya ba da aro yana iya rasa gonarsa. Daga nan aro ya fara ja da baya, amana ta yi rauni.

Sai kuma fako ya yi daraja. A shekarar farin 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Kaita da taimakon Italiya, aka shiga jera duwatsu da dasa itatuwa a kan tsaunuka da kwaruruka. A 1989 wasu manoman Ilela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo da dabarar tassa, wato a haƙa ƴan ramuka a busasshiyar ƙasa, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki. Fakon da ko akuya ba ta tsayawa a kansa sai ga shi yana ba da damman gero. Cikin ƴan shekaru aka fara saye da sayar da shi, farashinsa yana hawa. Wurin da jiya ba na kowa ba ne, yau mutum uku ke cewa kakansu ne ya sare shi.

Birni ma ya miƙo hannu. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye, ma'aikaci ya gane cewa fili ajiya ce da ba ta ruɓewa. Tawa ta sami jami'a a 2010, ta karɓi bikin 18 ga Disamba na 2017 da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, gari ya faɗaɗa, dillalai suka fita bayan gari neman gonakin da za a yanka. A ɗaya gefen kuma ga mai sayarwa, wanda sau da yawa ba son ransa ba ne. Yunwar 2005 da ta 2010 sun nuna yadda magidanci ke rabuwa da gonarsa a kan ƴan buhunan hatsi idan rumbu ya ƙare tun kafin shuka.

Yadda cinikin ɓoye ke tafiya sananne ne. Uba ya rasu, ba a raba gado ba, gandu yana hannun babban wa. Ƙannensa biyu suna bida, ƴan'uwansa mata suna gidajen aure. Dillali ya kawo mai saye daga birni, a zauna a zaure, a rubuta ƴar takarda da faransanci wadda mai sayarwa ba ya iya karantawa, ya dangwala yatsa, a ƙirga kuɗi. Mai saye ya koma gida yana murnar araha. Shekara biyu ko uku, ƙane ya dawo daga Libiya da niyyar ya yi aure ya zauna, ya tarar da turakun siminti a gonar ubansa. Ƴar'uwar da shari'ar Musulunci ta ba rabonta ba a ko tambaye ta ba. Wanda aka ba jingina a kan wannan gona tun shekarun baya shi ma ya fito da shaidunsa. Ga gona ɗaya, ga masu ita huɗu, kowa da gaskiyarsa.

Akwai kuma na biyar, wanda ba ya zaure lokacin ciniki, shi ne makiyayi. Dabbobin da ke hawa Azawak da damina, su gangaro bayan kaka, ta cikin Adar suke ratsawa. Manomin ƙauye ya san inda burtali ya bi, ya san mashaya, ya san ranar da hukuma ke sakin gonaki. Baƙon da ya saya daga birni bai sani ba, ko ya sani bai damu ba. Ya ja waya, ya haɗa da gefen burtali, ya toshe hanyar tabki. Garke ya iso ya tarar da hanya a rufe, ya faɗa gonar maƙwabci wanda bai ci ko dala ba a cinikin. Daga nan sai sanda, daga sanda sai takobi.

Nijar ta san inda irin wannan ke kaiwa. A ƙarshen Oktoba 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, aka kashe mutane fiye da 100 a Toda cikin jihar Maradi, akasarinsu mata da yaran Fulani, a rikicin da ya taso daga ɓarnar gona. A Nuwamba 2016, a Bangi ta gundumar Madawa, cikin jihar Tawa kanta, rayuka 18 aƙalla suka salwanta a faɗan manoma da makiyaya. Waɗannan sun faru ne lokacin da makamin ƙauye bai wuce baka da adda ba. Yanzu bindiga ta kusanto. Tun Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tilliya da Tasara, kuma ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Intazayen, Bakorat da Wistan. Wancan kisa ba rikicin gona ba ne, amma masu irin wannan aiki sun ƙware wajen neman wanda aka zalunta su yi masa tayin ramuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayin da aka sayar da gadonsa yana bida, da makiyayin da aka rufe wa mashaya, su ne tsagar bangon. Soja na iya tsare hanya, ba ya iya tsare zuciyar wanda aka ci wa haƙƙi.

Abin takaici, maganin yana nan a rubuce fiye da shekara 30. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka fi sani da Kod Rural, ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta hanyar takarda kariyarsu ɗaya ce. Ita ce ta haifar da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye. Kofon ƙauye maigari ke shugabantarsa, akwai magatakarda, akwai wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Aikinsa ya je ya ga gonar da idonsa, ya tara maƙwabta a kan iyaka, ya shelanta cinikin don mai ƙorafi ya fito, sa'an nan ya ba da takardar shaida, ta sayarwa ce, ta aro, ta haya, ta kyauta ko ta jingina. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne, burtali da makiyaya kuwa dukiyar ƙasa ce, ba ta sayuwa ga kowa.

Wasu za su ce Kofo jan ƙafa gare shi, a ƙauyuka da yawa suna ne kawai, babu rajista, babu kuɗin aiki, wani lokaci ma mai riƙe da hatimin shi ne dillalin. Akwai gaskiya a ciki. Amma jinkirin da ake kuka da shi, shi ne lokacin da ƙanen da ke Abijan zai ji labari ya bugo waya, shi ne lokacin da ƴar'uwa za ta aiko mijinta ya yi magana. Mai gudun wannan jinkiri, sau da yawa ba lokaci yake tsoron ɓatawa ba, mai haƙƙi yake tsoron ya farka. Maigarin da zai ci amana kuwa, ya fi samun sauƙin yi a zaure da mutum uku a kan ya yi a bakin gona gaban jama'a.

Nauyi na farko yana kan mai saye, domin shi ke da kuɗi, shi ya yi karatu. Ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhun albasa sai ya kwance bakinsa, me zai sa ya sayi gona bai tambayi ko an raba gado ba? Ma'aikacin da ya san darajar sa hannu a ofis, me zai sa ya yarda da yatsan mutum ɗaya a kan dukiyar mutum bakwai? Kafin ya miƙa ko jaka guda, ya nemi ganin magada duka ko wakilansu, ya taka iyaka da maƙwabta, ya tambayi inda burtali ya bi, ya ƙi duk takardar da ba ta bi ta Kofo ba. In an ce masa a yi sauri kada wani ya riga shi, ya san ruwa ba ya tsami banza.

Nauyi na biyu yana kan hukuma. A watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka miƙa ragamarsu ga kantomomin da gwamnati ta naɗa. Inda babu kansilan da talaka zai tsare a kasuwa ya tambaya, wajibi ne rajistar filaye ta zama a buɗe ga duk mai son dubawa, a kuma kafa turakun burtali kafin a yanka sabon fili ko ɗaya. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu sauran hujjar da za a sa manomin Bambeye ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba. A rubuta masa da harshensa, da boko ko da ajami, a karanta a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Kuɗin da za a kashe wajen sayen rajista da horar da magatakardan ƙauye bai kai na man motar jandarma zuwa raba faɗa guda ba.

Mutanen Adar suna jure bida da wahalarta ne saboda sun san akwai gonar da za su dawo su tarar. Ranar da wannan tabbaci ya gushe, zaman lafiyar ƙauye ya gushe tare da shi, kuma birnin da ke cin geron ƙauye ba zai kwana lafiya ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu saye da masu hatimi su ji tun da sauran lokaci.