Gwamnati Tana da Gaskiya In Ta Ƙwace Ruɓaɓɓen Mangwaro

Duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka shiga kasuwa suka kwashe kwandunan ruɓaɓɓen mangwaro ko lemo, sai ka ji jama'a suna cewa an zalunci talaka. Ni dai a ganina gwamnati tana da gaskiya, muddin an yi aikin bisa adalci.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Tun zamanin Turawa iyayenmu sun san duba-gari, mai leƙa randa da rumfar mahauta. A shekarar 1993 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NAFDAC da doka mai lamba 15, domin ta kula da abinci da magunguna.

Me ya sa ba za a bar mai saye ya zaɓa da kansa ba? Domin ido ba ya ganin komai. In mangwaro ya fara ruɓa, fumfuna takan ratsa cikinsa fiye da inda ta nuna a baya, saboda haka yanke gefen bai isa ba. Ƙudaje kuma suna tashi daga kwata su sauka a kan fasasshen lemo da ƙwayoyin ciwon amai da gudawa. Ga kuma masu nunar da ayaba da kabayid, sinadarin nan na masu walda. In ya sha laima yakan fitar da iskar da ke sa ɓawo ya yi rawaya tun ciki bai nuna ba, a cikinsa kuwa akwai gubar asanik. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Wa ke sayen irin wannan kaya? Mai kuɗi ba ya kallonsu. Gwauruwa da ɗan makaranta ne ke bin araha, su ne kuma ba su da kuɗin asibiti.

Amma dole a saurari kukan ɗan kasuwa. Motar da ta ɗauko lemo daga Binuwai zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano takan ɓata lokaci a kan ramuka da shingaye, ga zafin rana, babu ɗakin sanyi. Gwamnatin da ke ƙwacewa ita ce ya kamata ta gyara hanya. A kuma ba mai kaya takardar shaida, a binne kayan a gaban jama'a, kada su sake fitowa ta bayan fage. Ma'aikacin da ya karɓi na goro ya kau da kai ya fi mai kayan laifi.

Ya ku ɗalibai, Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar da ke sayar wa matalauta da ƙaiƙayi a madadin hatsi. Gobe waɗansunku za su riƙe rumfa, waɗansu su sa kakin hukuma. Kada ku sayar wa ɗan wani abin da ba za ku ba ƙanenku ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar gaskiya, amin.