Gidan Haya a Fagge: Ɗaki Goma, Mita Ɗaya

Ranar da takardar kuɗin wuta ta KEDCO ta iso gidan haya a Fagge, ranar ake sanin halin kowa. Mai ɗakin bakin zaure zai ce shi ƙwai ɗaya gare shi da fanka, ita ma sai an taɓa ta da kara take juyawa. Tela zai rantse dutsen gugarsa na gawayi ne. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo kuwa tana daga ɗaki tana jin su, firjinta na gurnani, ta san da ita ake. Ɗaki goma, mita ɗaya, maigidan kuma rabon da a ga ƙeyarsa tun ranar karɓar haya.

Zaman baƙi da baƙi a gida guda ba sabon abu ba ne a nan. Fagge kanta masauki ce tun asali: a wajen ganuwar Kano ayarin Buzaye daga ƙasar Abzin ke durƙusar da raƙuma, su sauke gishiri, su sayi turkuɗi da hatsi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da ƙasashen gaɓar teku. Sunayen titunan, irin su Aba da Enugu da Abeokuta da Gold Coast, har yau suna faɗin inda mazauna unguwar suka fito. Can ne gida mai dogon lungu, ɗakuna na kallon juna, kicin da banɗaki a ƙurya, ya samu gindin zama.

Amma masaukin da yana da mai shi. Fatoma, wato mai masaukin, a gidan yake kwana. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in an yi cacar baki ya raba tun kafin a kai ga mai unguwa. Mutuncinsa shi ne jarinsa, don in baƙo ya tafi da ɓacin rai, baɗi wani gidan zai sauka.

Yau gidajen da yawa na magada ne, wasunsu ma sun koma Hotoro ko Rijiyar Zaki, sun bar wa ejan. Ejan ya karɓi kuɗin shekara da la'adarsa, ya miƙa makulli, shi ke nan. Ba ya tambayar ko sabon ɗan haya zai iya zama da waɗanda ya tarar. Ga kuma matsin wuri: ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Fagge mutum kusan 200,000, kuma tun daga lokacin Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suke ta cinye gidajen kwana suna mayar da su shaguna da sito. Yaran shago, 'yan dako da 'yan ci-rani, waɗanda dole su kwana kusa da kasuwa, sai su yi karo-karo su huɗu ko biyar su kama ɗaki ɗaya. Ɗayansu ne sunansa ke kan rasit. In ya tafi gida da damina bai dawo ba, sauran ba su da bakin magana.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma abin saɓawar kusan kullum ƙarami ne. Wa ya kwashi ruwan jarkar da wani ya saya a wurin ɗan ga-ruwa? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu burtsatse da ke tayar da janareta suka ƙara kuɗi, jarka ta zama abin da ake kaiwa cikin ɗaki a rufe. Wa zai wanke banɗaki yau? Wa zai biya masu yasar masai? Wa ya kwashe shanyar wani daga igiya tun ba ta bushe ba? Ana yawan ba da labarin rikicin Sabon Gari da sunan addini da ƙabila, alhali a tsakar gida Bahaushe da Ibo da Bayarabe sukan haɗa kai tsaf, su taru a kan mutum ɗaya da ya ƙi fitar da kuɗin shara.

Wasu za su ce haƙuri da sanin haƙƙin maƙwabtaka sun isa. Ba su isa ba, domin a irin wannan gida mai haƙurin shi ke biya wa kowa, har ranar da zai gaji. Rubuta yarjejeniya kuma ba rashin yarda ba ne; aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a surar Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ɗan Kwari da ba ya ba da yadi goma bashi sai ya shigar a littafi, me zai hana shi rubuta rabon kuɗin wuta?

Abin da ake bukata bai fi takarda ɗaya ba. 'Yan haya su zaɓi shugaban gida daga cikinsu, a rubuta yadda ake raba wuta gwargwadon kayan da ke kowane ɗaki, da ranakun shara da wankin banɗaki, da sunan duk wanda ya sa kuɗi a ɗakin karo-karo. Mai unguwa ya sa hannu, ejan ya ajiye kwafi. Masu gida kuma, tun da suna karɓar kuɗin shekara a dunƙule, babu dalilin da zai hana a wajabta musu cire kuɗin yasar masai daga ciki, da sa ƙaramar mita a ƙofar duk ɗakin da ake sana'a da wuta, tun kafin a ba sabon ɗan haya makulli.