Lafiya Uwar Jiki: Wutar Kara da Wutar Gawayi

A fitowarmu ta yau za mu duba wata tambaya da ta shafi kowane gida: mene ne ke sa wani ya yini yana noma ko tafiya bai gaji ba, wani kuwa da ya hau tudu kaɗan sai haki?

Masana sun bayyana cewa tsokar ɗan Adam ba ta motsi sai da wani sinadari da suke kira ATP, kuma abin da take ajiyewa daga cikinsa ba ya wuce na ƴan daƙiƙu. Saboda haka dole jiki ya riƙa sabunta shi. Hanyar farko ta gaggawa ce, irin wadda ɗan kokawa ke dogaro da ita sa'ad da ya yunƙura zai ka da abokin karawarsa. Ƙarfinta na ƙarewa cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka. Ta biyu tana ƙona sukari ba tare da iskar oksijin ba, tana ɗaukar mutum minti 1 zuwa 2 kafin ƙafafu su yi nauyi. Waɗannan biyun wutar kara ce, ta tashi da sauri ta mutu da sauri. Ta ukun ita ce wutar gawayi, wadda ke ci a hankali muddin ana hura mata iska, kuma da ita ake aikin juriya.

Ga yadda take. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Daga huhu yake shiga jini, inda sinadarin himogulobin na jajayen ƙwayoyin jini ke ɗaukarsa, zuciya kuma ta tura shi zuwa tsokoki kamar yadda zugazugin maƙeri ke kai iska ga wuta. Zuciyar mutumin da ke zaune tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya. In yana gudu sai ta kai lita 20 ko fiye. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, a nan ake ƙona abinci da oksijin, abin da ya saura shi ne ruwa da iskar da muke fitarwa. Masanin nan Hans Krebs ya bayyana wani muhimmin sashe na wannan aiki a 1937, aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Ƙwayar sukari ɗaya tana ba da ATP 2 kacal in babu oksijin, amma da oksijin tana ba da wajen 30.

Makamashin wannan wuta iri biyu ne. Akwai sukarin da ke ajiye a hanta da tsokoki, wajen giram 500, wanda gudu mai ƙarfi ke cinyewa cikin awa 1 da rabi zuwa 2. Akwai kuma kitse, wanda ko siririn mutum yana da shi mai yawa, sai dai ba ya ƙonuwa da sauri. Shi ya sa mai tafiya a natse yake nisa, mai tashi da gudu kuwa yake saurin zubewa. Gaskiyar Hausawa, sannu ba ta hana zuwa. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun kilomita 42 da mita 195 ba takalmi a birnin Rum a 1960, da wannan wuta ya yi tafiyarsa.

Abin farin ciki, ana iya ƙarfafa ta. Wanda ya lizimci tafiya da sauri ko tuƙa keke na wasu makonni, zuciyarsa za ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru, murahun tsoka su yawaita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta nemi baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara kuma minti 60 kullum. Ma'auninsa mai sauƙi ne: ka iya magana da abokin tafiyarka, amma numfashinka ya ɗan ƙaru. Wannan na taimakawa wajen kauce wa hawan jini da ciwon sukari.

Muna jan hankalin magidanta a kan abu guda. In uwargida ko yaro suna saurin haki a aikin da suka saba, kada a yi gaggawar kiransu ragwaye. Ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro, haihuwa da rashin sinadarin ƙarfe a abinci ke kawowa, yana rage oksijin da ke isa tsoka. A kai su asibiti a auna, a kuma kyautata musu da hanta, nama, wake da zogale. Dattijo ko mai ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya soma, kowa kuma ya zaɓi sanyin safiya ko na yamma, ya riƙe ruwan sha.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.