Formula 1 a 2026: Direbobi sun sa hannu tun kafin su ga motocin da za su tuƙa

A ƙwallon ƙafa, idan babbar ƙungiya ta sayi gwarzon ɗan wasa, ana sa ran ganin bambanci tun daga wasan farko. Matasan da ke cika gidajen kallo a Haɗeja sun san wannan kasuwa kamar yunwar cikinsu: nawa aka saye shi, shekara nawa ya sa hannu, wa zai koma benci saboda zuwansa. Da wannan ma'auni mutane da yawa suka auna labarin da ya fito ranar 1 ga Fabrairun 2024, cewa Lewis Hamilton zai bar Mercedes ya koma Ferrari. Direban da ya fi kowa cin tsere a tarihin Formula 1, har sau 105 zuwa ƙarshen 2025, zai haɗu da ƙungiyar da ta fi kowace suna. Sai aka ɗauka an gama magana.

An rufe kakar 2025 ranar 7 ga Disamba a Abu Dhabi, ga kuma abin da lissafi ya nuna. A tsere 24, Hamilton bai zo cikin ukun farko ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara a 2007. Abin da ya tsira da shi kawai shi ne nasara a gajeren tseren ranar Asabar a China cikin watan Maris, washegari kuma aka soke sakamakonsa na babban tseren saboda katakon da ke ƙasan motarsa ya cinye fiye da yadda doka ta yarda. Ya ƙare a mataki na shida da maki 156, alhali abokin tuƙinsa Charles Leclerc na da 242. Ferrari ba ta ci tsere ko guda ba. Abin da ya fi ciwo, Carlos Sainz, wanda aka sallama domin a ba Hamilton kujera, ya koma Williams, ƙungiyar da ta daɗe tana jan ƙafa a baya, ya kuma zo na uku har sau biyu, a Baku da Qatar.

Masu sukuwar dawaki za su fi 'yan ƙwallo saurin gane wannan. Komai gwanintar mahayi, in aka ɗora shi a kan dokin da bai ƙoshi ba, ƙura zai sha. A Formula 1 kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, da ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai, shi kuwa direba shi ne na ƙarshe da aikin ke isowa hannunsa. Shugaban ƙungiyar Ferrari, Fred Vasseur, ya faɗa da bakinsa cewa tun cikin Afrilu suka daina gyaran jikin motar 2025 suka karkata ga ta 2026. Wato Hamilton da Leclerc sun yi wata bakwai suna tuƙa motar da masu ita suka riga suka cire rai da ita. Duk da haka a watan Nuwamba shugaban kamfanin, John Elkann, ya fito ya ce direbobinsa su rage surutu su mai da hankali kan tuƙi. A ganina wannan magana ba ta yi adalci ba, musamman daga kamfanin da rabonsa da kofin direbobi tun 2007, na ƙungiyoyi kuma tun 2008.

Dalilin da ya sa Ferrari ta yi wannan sadaukarwa shi ne dokokin ƙera mota sun sauya gaba ɗaya daga 2026. Kusan rabin ƙarfin motar zai riƙa fitowa ne daga lantarki, domin an ɗaga ƙarfin na'urar batir daga kilowat 120 zuwa 350. Man da za a sha ba wanda aka haƙo daga rijiya ba ne, haɗa shi ake yi. An rage nauyin motar da kilo 30, an rage faɗinta, fukafukanta na gaba da na baya kuma za su riƙa buɗewa da rufewa ana cikin gudu. Direba zai koma yana lallaɓa batir kamar mai lallaɓa cajin waya a unguwar da ba wuta: in ya ƙarar da shi a nan, a miƙaƙƙiyar hanya ta gaba za a wuce shi yana kallo.

Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, jerin manya da ƙanana kan hautsine, kuma Hamilton ya fi kowa sanin haka. A ƙarshen 2012 ya bar McLaren, wadda ke cin tsere a lokacin, ya koma Mercedes, wadda tsere ɗaya tak ta ci tun dawowarta a 2010. An yi masa dariya. Da aka kawo sabon inji mai haɗe da lantarki a 2014, sai ta bayyana Mercedes ta yi wa kowa nisa. Ta ɗauki kofin ƙungiyoyi sau takwas a jere, Hamilton ya ƙara kofi shida a kan ɗayan da yake da shi, ita kuwa McLaren ba ta sake cin tsere ba sai a 2021. Fernando Alonso ya yi irin wannan caca a 2015, ya koma McLaren saboda injin Honda, injin ya ƙi, ya yi asarar shekara uku. Gwanintarsu ba ta yi nisa da juna ba. Ɗaya ya dace da inji, ɗaya bai dace ba.

Shi ya sa sauya sheƙar da ta fi muhimmanci a wannan karon ba ta direba ba ce. Adrian Newey, wanda motocin da ya zayyana suka ci kofuna a Williams da McLaren da Red Bull, ya fara aiki da Aston Martin a Maris ɗin 2025, aka kuma naɗa shi shugaban ƙungiyar daga farkon 2026. Honda ma ta bar Red Bull ta koma can, ga kuɗin kamfanin Aramco na Saudiyya. Alonso, mai shekara 44 a farkon 2026, wanda rabonsa da cin tsere tun 2013, ya sake samun kansa a hannun Honda. Sai dai Hondar yanzu ita ce wadda injinta ya ɗauki Max Verstappen zuwa kofi huɗu a jere.

Ƙungiyar da ta fi shiga haɗari ita ce Red Bull. Ta rasa Newey, ta rasa Jonathan Wheatley wanda ya koma Sauber, ta kori Christian Horner a watan Yuli bayan shekara 20 yana shugabanci, Helmut Marko ma ya tafi a Disamba. Ga shi kuma karon farko za ta yi tsere da injin da ta ƙera da kanta, da haɗin gwiwar Ford. Kamfanin lemon ƙara kuzari ne fa zai gwada ƙirar inji da Mercedes da Ferrari.

A nan ne kuma maganar cewa mota ce komai take samun cikas, domin Verstappen ya nuna akwai direban da ke sa doki ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. A ƙarshen Agusta Oscar Piastri ya ba shi tazarar maki 104. Da aka gama kaka, Lando Norris ya ɗauki kofi da maki 423, Verstappen na biye da 421, Piastri 410, kuma Verstappen ya fi kowannensu yawan nasara, takwas da bakwai-bakwai. Cikin maki 451 da Red Bull ta tara, 421 nasa ne. Kujerar da ke kusa da shi ta zama mai cin mutane: Liam Lawson tsere biyu kawai ya yi aka sauke shi, Yuki Tsunoda bai kai labari ba, yanzu an ɗora Isack Hadjar, matashi haifaffen Faransa ɗan asalin Aljeriya, wanda ya zo na uku a Holan a kakarsa ta farko. Kwantiragin Verstappen zai kai 2028, amma Toto Wolff na Mercedes bai ɓoye sha'awarsa ba. In injin Red Bull ya gaza a watannin farko, ina ganin kasuwar direbobi ta 2027 za ta tsaya cik har sai Verstappen ya faɗi inda ya dosa.

McLaren da Mercedes ba su taɓa direbobinsu ba. Norris da Piastri na nan, George Russell da matashi Kimi Antonelli ma haka. Raɗe-raɗin da aka daɗe ana yi shi ne injin Mercedes ne zai sake fin na kowa, kuma ƙungiya huɗu ne za su yi amfani da shi: Mercedes, McLaren, Williams, da Alpine wadda ta jingine injin Renault. In hakan ta tabbata, Sainz zai iya wayar gari ya ga korar da aka yi masa alheri ce. Sabbin shiga biyu, Audi da ta karɓe Sauber da kuma Cadillac ta Amurka da ta zama ƙungiya ta 11, ba na sa su a lissafin kofi. Cadillac ma ta nuna ta san matsayinta da ta ɗauko tsofaffin hannu, Sergio Pérez da Valtteri Bottas, masu iya gaya wa injiniya inda mota ke ciwo.

Ga Hamilton, wanda ya cika shekara 41 ranar 7 ga Janairun 2026, lokaci ya ƙure. Kofi na takwas ne zai raba shi da Michael Schumacher, kuma da wuya ya jira wani sauyin dokoki bayan wannan. Akwai wani burin da ya sha faɗa, na ya yi tsere a Afirka kafin ya ajiye tuƙi. Rabon nahiyar da gasar tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Ruwanda ta nemi a ba ta, Afirka ta Kudu ta nema, Najeriya ma ta bakin shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa, Shehu Dikko, ta nuna sha'awar kawo ta Abuja. Jadawalin 2026 dai ba shi da Afirka.

Saboda azumi, jadawalin farko na 2026 ya ɗage tseren Bahrain da na Saudiyya zuwa Afrilu, don haka a Melbourne ta Ostireliya aka tsara buɗe kaka ranar 8 ga Maris. A agogon Najeriya an tsara tseren ya tashi ne wajen ƙarfe 5 na asuba, daidai lokacin da ake ƙarasa sahur a Haɗeja.