A daina tura yaranmu fasa motar wasa don neman rimot

Jama'a, akwai shawarar da ake yawan ba yaranmu masu ƙera katafila da kwali da gwangwani a Jambutu, Doubeli da Luggere, kuma ta ishe ni. Yaro ya kwashe watanni yana haɗa hannu da bokiti da sarƙa, ya zo neman yadda zai sarrafa abinsa daga nesa, sai babba ya ce masa: je Kasuwar Jimeta ka sayi motar wasa, ka fasa, ka ciro fanel ɗin. Wannan shawarar asarar kuɗi ce, kuma ita ke kashe wa yaro gwiwa.

Fanel ɗin motar wasa rota biyu kawai yake juyawa, ɗaya ta gaba da baya, ɗaya ta hagu da dama. Katafila mai tono kuwa motsi shida take buƙata: sarƙar hagu, sarƙar dama, juyin jiki, ɗaga babban hannu, lanƙwasa ƙaramin hannu, sai bokiti. To biyu za su yi aikin shida? Sai yaro ya fasa mota uku, ya riƙe rimot uku. Da yawansu kuma a kan mita 27 MHz suke, don haka ka danna ɗaya, wata rotar daban ta amsa. Ga shi ba su san sannu ba, ko a tsaye ko a guje. Hannun kwali da aka fizga haka sau goma ya karye, sai a ce yaron ne bai iya ba.

Na san abin da za a ce: rimot na gaske da tsada. Gaskiya ne. Amma a lissafa kuɗin motoci ukun da aka fasa tukuna. Rimot mai 2.4 GHz irin FlySky FS-i6 yana da layi shida, ana ɗaure shi da risibarsa ta yadda na maƙwabci ba zai shiga ba, kuma gwargwadon yadda ka tura sandar, gwargwadon gudun rotar. Sai dai risiba ba ta juya rota da kanta, sai an sa ESC a tsakani. A nan ake cutar mutane. Rotar yaranmu waya biyu gare ta, kuma dole ta iya komawa baya. Idan mai shago ya miƙo ESC mai waya uku na jirgi, a mayar masa da abinsa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai Arduino da nRF24L01, in an samu ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama ko na Poli ya zauna da yaron. A kula, nRF24L01 bolt 3.3 yake ci, a ba shi 5 ya ƙone. L298N da kowa ke so don arha kuma yana cinye kusan bolt 2 ya mai da shi zafi, a garin da Afrilu ke haura digiri 40.

Ku masu ɗaukar hoto da yaran nan kuna watsawa a Facebook, ku haɗa kuɗi ku sayi rimot ɗaya. FS-i6 yana ajiye saitin na'ura har 20. Kowane yaro a saya masa risibarsa, rimot ɗin ya zauna a hannun malami ɗaya a unguwa, a riƙa karɓa bi da bi.