Annabci Bai Hana Mu Yi Wa Shugabannin Duniya Addu'a Ba

Duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a wani sashe na duniya, sai ka ji wasu 'yan'uwa Kirista a ɗakunan kwanan ɗalibai suna cewa ai dama an faɗa, annabci ne ke cika. Daga nan sai a buɗe littafin Daniyel da Wahayin Yahaya, a shiga neman wane shugaba ne magabcin Almasihu, wato wanda Bahaushe ya fi sani da Dujal. Abin da ke damuna shi ne, da wuya a tashi daga irin wannan hira an yi wa shugaban da ake magana a kansa addu'a. A nawa ra'ayin, wannan kuskure ne babba.

Da farko dai, tarihi ya sha kunyata masu wannan lissafi. An ce Napoleon ne, an ce Hitler ne. An nuna tabon da ke goshin Gorbachev aka ce ga alamar nan, sai ga Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, shi kuma ya rasu a 2022. Lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 an ɗora wa Saddam Hussein, saboda ya sake gina wani sashe na tsohon birnin Babila, amma aka rataye shi a 2006. Wani mai wa'azi a Amurka, Harold Camping, har rana ya sa, 21 ga Mayu 2011. Mabiyansa da dama suka yi asarar dukiya, ranar ta zo ta wuce. Alhali a Matiyu sura 24 Yesu da kansa ya nuna cewa sanin wannan rana na Allah ne kaɗai.

Na biyu, annabawan da muke kafa hujja da su ba haka suka yi ba. Irmiya ya yi annabcin faɗuwar Babila, amma a sura 29 shi ne ya rubuta wa Yahudawan da aka kai bauta can cewa su roƙa wa birnin alheri, domin zaman lafiyarsu na tattare da nasa. Daniyel ya yi aiki a fadar Nebukadnezzar, ya kuma shawarce shi ya bar zalunci ya ji tausayin talakawa. Sarki Sairus na Farisa, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu, ba Bayahude ba ne, amma ta hannunsa bayin suka koma gida. Haka kuma Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 2, ya umarci a yi wa sarakuna da masu mulki addu'a, a daular Rum wadda sarakunanta ba su san Almasihu ba.

Wani zai ce, yi wa azzalumi addu'a ba goyon bayansa ba ne? A nan ya kamata mu ɗaliban harshe mu bambance kalmomi. Addu'a daban, kirari daban, bambaɗanci kuma daban. Maroƙi yana faɗa wa sarki abin da yake son ji don ya sami kyauta. Mai addu'a kuwa da Allah yake magana, yana roƙon a ba shugaba hikima, a kama hannunsa daga zubar da jini, a juya zuciyarsa in ya kauce. Wanda ya yi haka da safe yana da bakin da zai soki shugaban da rana.

Kada kuma mu ɗauka abin ya yi mana nisa. Da Rasha ta kai wa Yukren hari a 2022, farashin alkama ya tashi a duniya, mu ma muka ji a kuɗin burodi. Shawarar da mutum ɗaya ya yanke a Mosko ko Washinton tana iya shafar tukunyar mahaifiyarka.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai Kirista su riƙa ambaton shugabanni da sunayensu a taron addu'a, na gida da na waje, wanda muke so da wanda ba mu so. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, amin.